Dusar ƙanƙarar majigi: Wa ke da bangon gari idan dare ya yi?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa farkon Janairu, duk wanda ya ratsa manyan titunan kasuwanci na biranen Turai da yamma zai ga dusar ƙanƙara tana zuba. Tana saukowa a hankali a jikin bangon kanti, tana bin ginshiƙan tashar jirgin ƙasa, tana yawo a daɓen dandali har ta hau kafaɗun masu wucewa. Amma idan mutum ya dubi ƙasa sai ya tarar da kwalta a bushe, ko kuma a jiƙe da ruwan sama. Dusar ta haske ce. Wani majigi ne da aka maƙala a saman turken fitila, ko a tagar ginin da ke kallon wurin, yake harbo ta.

Abin ya zama sana'a babba. Kantuna na biya, otal-otal na biya, hukumomin birane ma na ware masa kuɗi a kasafinsu. Kuma duk shekara sai an sake tayar da muhawara iri ɗaya: shin wannan ba almubazzaranci da wutar lantarki ba ne? Tambayar tana da daɗin yi, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Wutar da majigin ke sha ba ta taka kara ta karya ba. Abin da yake ci a zahiri shi ne duhun dare da bangon gari, abubuwa biyu da kowa ke da haƙƙi a cikinsu, kuma ba kasafai ake neman izinin kowa ba kafin a ɗauke su.

Me ya sa suke yi?

Sai an fahimci yadda hunturun can yake kafin a yi musu hukunci. A Kano, ko a tsakiyar Disamba rana na yin awa 11 da 'yan mintuna a sama. A birnin Lyon na Faransa, hasken rana a wannan lokaci bai cika awa 9 ba, ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufa. A Landan bai cika awa 8 ba, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4. A Helsinki ta ƙasar Finland ko awa 6 ba ya kaiwa. Ma'aikaci ya fita gida cikin duhu, ya koma cikin duhu, ga sanyi, ga yayyafi mara ƙarewa. Likitoci sun san wata damuwa da ke kama mutane a wannan yanayi saboda ƙarancin haske, har akwai fitilu na musamman da ake amfani da su wajen magance ta.

A cikin waɗannan makonni masu duhu ne kuma 'yan kasuwa ke yin cinikin da ya fi na kowane lokaci a shekara, saboda Kirsimeti da sabuwar shekara. Mai kanti na son mutum ya fito daga ɗakinsa mai ɗumi, ya zo titi, ya daɗe a titin. Tun da sayayya ta intanet ta kankama, wannan buƙata ta ƙara tsanani, domin wanda zai iya latsa waya a kawo masa kaya har ƙofa sai an ba shi wani dalili na daban kafin ya sa rigar sanyi ya fito. Haske na daga cikin dalilan da suka fi araha.

Ba Turai kaɗai ba. A Ostireliya hunturu na faɗowa ne a tsakiyar shekara, kuma birnin Sydney ya fara bikin haskensa mai suna Vivid a 2009, a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin da baƙi ke raguwa, otal-otal ke zama wayam.

Yadda ake yin aikin iri biyu ne. Mai sauƙin shi ne a sa wani ɗan faifai na ƙarfe ko gilashi, wanda aka huda da surar ƙwayoyin dusa, a gaban fitila mai ƙarfi. Masu aikin dandalin wasan kwaikwayo suna kiran faifan gobo. Idan aka sa wani ɗan inji yana juya shi, ko aka haɗa biyu suna juyawa ba da gudu ɗaya ba, sai ido ya ga kamar dusa na zubowa, wata kusa wata nesa. Irin wannan ne ake gani a ƙofar kantuna da harabar otal, kuma ƙananansa sun cika kasuwa har masu gidaje na kafawa a tsakar gida.

Mai wuyar shi ne wanda ake yi wa manyan gine-gine. Da farko ana auna fuskar ginin da na'urar leza, a san inda kowace taga da kowane ginshiƙi yake, a gina kwafinsa a kwamfuta. A kan wannan kwafi ake zana hoton mai motsi, ta yadda idan aka haska shi, ƙanƙara za ta taru daidai a kan dakalin taga, ta tsage daidai a bakin ƙofa. Gini ɗaya kan ci majigi da yawa, ana haɗa gefen hoton wannan da na wancan har ba a gane mahaɗar. Kwan fitilar ɗaki na yau da kullum yana ba da haske kimanin lumen 800, shi kuwa irin wannan majigi yakan ba da lumen 20,000 zuwa 30,000, wani ma ya fi haka.

Sauran aikin kuma launi ne ke yi. Fari mai ratsin shuɗi, wanda masana ke aunawa da kelbin 6,000 zuwa sama, yana sa jiki ya ji kamar sanyi ya ƙaru. Hasken kyandir, wanda bai kai kelbin 2,000 ba, yana tuna wa mutum murhu da ɗaki. Masu tsara kantuna sun san wannan sarai. Shi ya sa za a ga waje an zuba masa shuɗi, cikin kanti kuma ta bayan gilashi yana walƙiyar ruwan zuma. Ba a ce wa kowa ya shigo ba, ƙafarsa ce za ta kai shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1952 aka fara wasan sauti da haske a fadar Chambord da ke Faransa. A 1969 wurin shaƙatawa na Disneyland a Amurka ya haska fuskokin mutane masu waƙa a kan mutum-mutumi. Abin da ya sauya shi ne farashi da ƙarfin na'ura, musamman bayan samuwar shuɗiyar fitilar LED, wadda ta sa aka ba wasu masana uku 'yan asalin Japan lambar Nobel a 2014.

Dusar gaske na janyewa

Akwai wani abu mai ɗan ɗaci a cikin lamarin. Ana ƙara zuba dusar haske ne a daidai lokacin da ta gaske ke ƙauracewa biranen. A Birtaniya, rabon da a wayi gari ranar Kirsimeti dusa ta lulluɓe akasarin ƙasar tun 2010. A Disambar 2019 birnin Mosko, wanda sunansa ma kan tuna wa mutum ƙanƙara, ya yi ɗumin da ya sa hukumomi suka kwaso dusar inji a manyan motoci suka zuba a tsakiyar gari domin bikin sabuwar shekara. Bayan wata biyu, a Fabrairun 2020, wani wurin wasan zamiya a tsaunukan Pyrenees na Faransa, Luchon-Superbagnères, ya ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu ya kwaso masa kimanin tan 50 na dusa daga can ƙololuwa, abin da ya jawo masa suka har daga gwamnati. Shekarar 2024 kuma ita ce ta farko da zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu.

Idan aka kwatanta da jirgi mai saukar ungulu, majigi mai ladabi ne. Amma yana da kyau a kira abin da sunansa. Hunturun da ake haskawa a bango na katin gaisuwa ne da fina-finai, wanda yaran Landan da yawa ba su taɓa takawa da ƙafarsu ba. Ana sayar wa mutane kewar wani yanayi ne, kuma kewa haja ce da ba ta kwantai.

Darasin Lyon

Babu birnin da ya kai Lyon sanin wannan harka, kuma labarinsa ya nuna kyawun abin da kuma inda yake iya karkacewa.

A 1852 mutanen birnin suka shirya ƙaddamar da wani mutum-mutumi na Nana Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa (AS), a kan tudun Fourvière. An tsayar da 8 ga Satumba, sai kogin Saône ya yi ambaliya ya shiga wurin da ake aikin, aka ɗaga zuwa 8 ga Disamba. Ranar ma sai hadari ya taso, har shugabannin coci suka yanke shawarar ɗage wasan wutar da aka tsara. Da yamma sama ta washe. Ba tare da wani ya ba da umarni ba, mutane suka riƙa kunna ƙananan kyandirori suna jerawa a tagoginsu, unguwa bayan unguwa, har garin ya haskaka. Daga nan al'adar ta zauna: duk 8 ga Disamba, kyandir a cikin ɗan kofin gilashi a bakin taga.

Fiye da shekara ɗari abin na mazauna gari ne. Kowa ya sayi kyandir ɗinsa, kowa ya kunna da hannunsa. A 1989 hukumar birnin ta fito da wani babban tsari na haskaka gine-gine da gadoji, a 1999 kuma aka mayar da daren kyandir biki na kwana huɗu, mai masu zane daga ƙasashe daban-daban da manyan majigai a dandalin Terreaux da fuskar babban cocin Saint-Jean. Birnin da mazaunansa suka ɗan haura 500,000 yanzu yakan karɓi mutum kusan miliyan biyu a waɗannan kwanaki. Lyon ɗin ne ma ya jagoranci kafa ƙungiyar biranen duniya masu musayar ilimin haskaka gari, LUCI, a 2002. Wani abin sha'awa, 'yan'uwan nan biyu da suka ƙera na'urar sinima a 1895 a birnin suka yi aikinsu, kuma sunan gidansu, Lumière, ma'anarsa haske.

Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi tunawa shi ne na Jacques Rival a 2006. Ya ɗauki mutum-mutumin Sarki Louis na 14 da ke kan doki a dandalin Bellecour ya rufe shi cikin wani ƙaton ƙwallo mai ɗaukar ido, dusa na yawo a ciki, tamkar 'yar tsarabar nan ta gilashi da ake girgizawa. Mutane suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Amma aikin yana da habaici: ga sarkin da ya fi kowa ji da kansa a tarihin Faransa an mayar da shi tsarabar 'yan yawon buɗe ido, kuma birnin kansa na kan hanyar zama hakan.

Habaicin bai faɗi ƙasa banza ba. A daren biki ana rufe tsakiyar gari da shingaye, ana binciken jaka, ana tura jama'a ta hanya ɗaya kamar ruwa a kwata. Kuɗin ɗakin otal kan yi tashin gwauron zabo. Mazauna tsakiyar birnin da dama kan kulle gida su bar garin har a watse, tsofaffi kuma na ƙorafin cewa tagogi masu kyandir na raguwa. Wanda kakansa ya kunna haske da hannunsa ya koma ɗan kallo a layi.

Sai ga 2015. Bayan hare-haren 13 ga Nuwamba a Paris, waɗanda suka kashe mutum 130, aka soke bikin na kwana huɗu saboda tsaro. Hukuma ta roƙi jama'a su koma ga kyandir a daren 8 ga Disamba. Aka bar aikin majigi ƙwaya ɗaya, wanda ya haska sunayen waɗanda aka kashe a jikin gine-ginen bakin kogi. A wannan dare majigi ya yi aikin da ya kamace shi, domin ya faɗi abin da ke zuciyar garin, bai hana mutane kunna nasu ba, kuma babu abin da yake tallatawa. Wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙa gwada sauran da shi.

Batun lantarki

A hunturun 2022, bayan Rasha ta mamaye Ukraine kuma iskar gas ta yi tsada, fitilun ado ne suka fara shan duka. A Paris aka koma kashe hasumiyar Eiffel da ƙarfe 11:45 na dare maimakon ƙarfe 1. Fitilun Kirsimeti na titin Champs-Élysées ma aka rage musu sa'o'i da kwanaki. Jamus ta kafa doka daga 1 ga Satumbar shekarar, wadda ta hana haska gine-gine da wuraren tarihi don ado, ta kuma taƙaita ɗumama ofisoshin gwamnati zuwa digiri 19.

Matakan sun yi amfani a matsayin alama, domin da wuya shugaba ya ce wa talaka ya rage ɗumama ɗakinsa alhali hasumiya na walƙiya har tsakar dare. Amma ta fuskar lissafi ba su ne suka ceci kowa ba. Babban majigi mai lumen 30,000 yana shan wuta kusan kilowat uku, wato abin da butar dafa ruwa ta lantarki ke sha idan aka haɗa ta da dutsen guga. Masu shirya bikin Lyon sun daɗe suna cewa duk abin da bikin ke ci bai wuce kashi 0.1 cikin 100 na wutar da fitilun titunan birnin ke sha a shekara ba. Ko da an ninka wannan adadi sau goma, ba zai kama ƙafar abin da ake ƙonawa wajen ɗumama gidaje ba. Faransa da kanta ta gane inda ɓarnar take lokacin da ta haramta na'urorin ɗumama iskar waje a barandar gidajen shan shayi da abinci a 2022.

Idan ana neman hayaƙin da bikin haske ke jawowa, sai a duba jirage da motocin da suka kwaso mutum miliyan biyu. Wanda ya tsaya yana jayayya a kan mitar majigi ya saki reshe ya kama ganye, kuma masu shirya bukukuwan sun fi kowa jin daɗin wannan jayayya, tunda ita ce wadda suke da tabbacin cinyewa.

Abin da ba ya fitowa a mita

A 2016 wani taswirar hasken dare da masana suka fitar ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zaren taurarin nan da ke ratsa sama, a Turai kuwa kashi 60 cikin 100 ne. A 2023 mujallar Science ta buga wani bincike da aka gina a kan rahotanni sama da 50,000 na masu kallon sama, wanda ya gano cewa tsakanin 2011 da 2022 hasken da ke dusashe taurari yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara. A wannan gudu, yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100 zai riƙa gani.

Fitilar LED, wadda aka yi zaton za ta rage matsalar, ta ƙara ta ne ta wata fuska. Da haske ya yi araha sai aka ƙara yawansa. Kuma shuɗin da masu ƙirƙirar yanayin hunturu suka fi so shi ne ya fi warwatsuwa a sararin sama, shi ne kuma ya fi dagula agogon barcin mutum. Majigi ba ya san iyakar bango. Abin da ya zarce rufin gini sama yake tafiya, abin da ya faɗa kan taga kuma ɗakin barcin wani yake shiga. Mai kanti ya rufe ya tafi gida, ma'aikaciyar jinya da ke haya a bene na biyu ita ce za ta kwana dusa na zuba a labulenta.

Ƙananan na'urorin gida masu leza sun zo da nasu haɗarin. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, takan ja kunnen masu gidaje a lokacin bukukuwa cewa su tabbata hasken na kan bangonsu, domin wanda ya kauce sama yana iya kashe wa matuƙin jirgi ido yana shirin sauka.

Maganin ba mai wuya ba ne, kuma New York ta nuna haka. Duk 11 ga Satumba ana harba fitilu 88 sama don tunawa da waɗanda suka mutu a harin 2001. Lokacin ya dace da ƙaurar tsuntsaye, sai dubbansu su ruɗe su riƙa kewaya hasken har su galabaita. Aka yi yarjejeniya: masu sa ido na ƙirgawa, da zarar tsuntsayen sun haura 1,000 sai a kashe fitilun na minti 20 su watse. Idan har za a iya kashe hasken da aka kunna don mamata saboda tsuntsaye, babu kantin da zai ce nasa ya fi ƙarfin makunni.

Faransa na da doka mai kyau a takarda. Wani umarni na 27 ga Disamba, 2018 ya wajabta kashe fitilun gilashin kantuna da na fuskar gine-ginen tarihi zuwa ƙarfe 1 na dare, a 2022 kuma aka faɗaɗa dokar kashe allunan talla masu haske daga ƙarfe 1 zuwa 6 na safe zuwa duk faɗin ƙasar. Sai dai an bar wa magadan gari damar ɗaga ƙafa a lokacin fitilun Kirsimeti. Wato a daidai makonnin da dare ya fi tsawo kuma fitilu suka fi yawa ne dokar ke yin sassauci. Wannan ƙofa ya kamata a tsuke ta.

Bangon da ya zama allon talla

Majigi na da wata siffa da fenti da allon talla ba su da ita: ba ya taɓa gini. Ba ƙusa, ba tsani, da gari ya waye babu alama. Wannan ne ya sa masu kula da gine-ginen tarihi ke son sa, kuma wannan ne ya sa yake zillewa dokokin da aka rubuta don alluna. Ginin da ba za a yarda a liƙa masa ko takarda ba, ana iya mayar da shi allon talla na tsawon dare.

Sydney ta ɗanɗana. A Oktoban 2018 masu shirya wata gasar sukuwar dawaki mai suna Everest suka nemi a haska tallar gasar a jikin gidan opera na birnin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya. Shugabar gidan, Louise Herron, ta ƙi amincewa da yadda suke so. Firimiyar jihar, Gladys Berejiklian, ta ba da umarnin a yi, Firaminista Scott Morrison kuma ya kare matakin da cewa ginin shi ne allon talla mafi girma a birnin. Mutum sama da 200,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, kuma a daren da aka haska, masu zanga-zanga suka zo da tocila suna dallara wa ginin don su ɓata hoton. Wannan dai a birnin da jama'a ke tururuwa duk hunturu su kalli zane a jikin ginin nan ɗaya. Ashe mutane na bambance zane da talla, ko da na'ura ɗaya ce ta haska su.

Matsalar ita ce dusar ƙanƙara tana ɓoye bambancin. Ba ta da jam'iyya, ba ta ɓata wa kowa rai, shi ya sa ta zama hanya mafi sauƙi ta shigo da tambarin kamfani. A fara da dusa, a biyo da barewa da bishiya, a rufe da sunan banki ko na kamfanin waya a saman ginin majalisar gari. Manyan bukukuwan haske, har da na Lyon, sun dogara da kuɗin kamfanoni don cike kasafinsu, kuma babu laifi a hakan matuƙar sunan mai taimako ya tsaya a takardar shiri da allon bakin ƙofa. Da zarar ya hau bangon, birni ya ba da hayar fuskarsa.

Dogaro da 'yan kasuwa na da wani rauni kuma. Kantin Saks da ke titin Fifth Avenue a New York ya shafe shekaru yana wasan fitilu a fuskar gininsa, har iyalai suka mayar da zuwa kallonsa al'ada. A 2024 kamfanin ya soke wasan a lokacin da harkokinsa suka yi tsauri. Babu wanda ke da hurumin yin ƙorafi, tunda dama ba na jama'a ba ne.

Wannan ado ya iso Najeriya ma, ko da yake a ƙaramin sikeli. A Disamba manyan kantunan Legas da Abuja kan cika da surar ƙwayoyin dusa, kuma ƙananan majigan da ake shigowa da su daga China sun shiga wuraren biki. Kalmar majigi kanta tsohuwa ce a ƙasar Hausa, tun zamanin da motar gwamnati ke zuwa ƙofar fada ta kafa farin ƙyalle, gari ya taru. Hunturun nan na ƙura ne da hazo, kuma ƙurar na sa a ga zaren haske a iska ƙarara, abin da masu shirya wasa a Turai sai sun sayi injin hayaƙi suke samu. Mai son ya ƙawata dandali a Kano ko Zinder yana da abin da zai yi aiki da shi, ba sai ya aro dusar da ba ta taɓa sauka a garin ba. Tambayar wa ke da bangon kuwa za ta zo, ranar da wani ya ga ganuwa ko ƙofar gari ya ce ta dace da tallarsa.

Ga biranen da abin ya riga ya yi nisa, aikin na hukumomin gari ne, domin mai kanti ba zai taƙaita kansa ba muddin maƙwabcinsa na ƙara haske. Ya kamata a ɗauki hoton da aka haska a bango daidai da allon da aka kafa, ya bi ta neman izini iri ɗaya, ginin gwamnati da na tarihi kuma a haramta musu tambarin kamfani ko da an lulluɓe shi da dusa. Izinin ya faɗi ƙarfe nawa za a kashe, kuma lokacin ya zama na barcin mutane, kamar 10 ko 11 na dare, tunda bayan nan babu yaron da ke kan titi yana kallo. A gwada na'urar kafin ranar buɗewa, a toshe duk abin da ya zarce rufi ko ya faɗa tagar da ake kwana, abin da kwamfutar da ta zana hoton ke iya yi cikin mintuna. Mazauna titin kuma a tambaye su tun kafin a sa hannu a kwangila, a ba su lambar da za su kira idan ƙarfe 11 ta wuce dusa ba ta daina zuba ba.